Yadda Ake Gane Ma'anar "Current" A Duk Inda Ta Fito, Mataki-Mataki

Masu karatu sun yi ta aiko da tambaya a kan kalmar Turanci "current", kuma kowa da inda ta sha masa kai. Wani a fom ɗin neman aiki ya ci karo da ita, wata a saƙon banki, wani a jikin caja, ɗalibai kuma a darasin kimiyya da na labarin ƙasa. Matsalar kusan iri ɗaya ce: mutum ya haddace wa kalmar fassara guda, ko "na yanzu" ko "wutar lantarki", sai ya riƙa liƙa ta duk inda ya ga kalmar. To ita kuwa ba ta yarda da haka. Kalmomin da ke zaune kusa da ita su ke yanke mata ma'ana, kuma akwai tsarin da ake bi a gano ta.

Kafin mu fara, ka riƙe wannan a ranka: duk ma'anoninta suna komawa ga abin da ke gudana. Ruwa na gudana, iska na gudana, lantarki na gudana a cikin wayar wuta, lokacin da muke ciki shi ma gudana yake yi. Aikinka shi ne ka gano mene ne ke gudana a jimlar da ke gabanka.

Kayan da za ka tanada

Na farko, cikakkiyar jimlar da kalmar ta fito a ciki. Idan a fom ne, ka duba kan shafin da gurbin da ke sama da wanda ke ƙasa. Idan a jikin na'ura ne, ka duba lamba da harafin da ke gefenta.

Na biyu, ƙamus na masu koyon Turanci. Oxford Learner's Dictionaries da Cambridge Dictionary duk suna nan kyauta a intanet, suna ba da misalan jimloli, kuma za ka iya latsawa ka ji yadda ake furta kalmar a Ingila da kuma Amurka. Merriam-Webster ya fi ƙarfi a Turancin Amurka. Ban da kuɗin data, babu abin da za ka kashe.

Na uku, ɗan littafin rubutu. Duk lokacin da ka ga kalmar, ka rubuta ta tare da abokiyar zamanta, kamar "current address" ko "strong current". Haɗin ake haddacewa.

Gargaɗi: kada ka jefa wa manhajar fassara kalmar ita kaɗai. Ma'ana ɗaya za ta zaɓo maka, alhali ba ta san ko a banki kake ko a bakin kogi ba. Ka ba ta jimlar gaba ɗaya, sannan ka tantance abin da ta ba ka da ƙamus.

Mataki na 1: Tabbatar ita ce ba 'yar uwarta ba

Haruffanta bakwai ne, da "r" guda biyu, kuma tana ƙarewa da "ent". Ana ɗora nauyin furuci a gaɓar farko. Mutanen Ingila suna faɗinta kusa da "karant", na Amurka kuma wasalin farko nasu ya yi kama da na kalmar "her".

Akwai kalmomin da ke kama da ita a ido. "Currant" mai "a" ƙananan busassun 'ya'yan inabi ne, kuma furucinsu ɗaya ne sak da "current". "Currency" kuɗin da ƙasa ke hada-hada da shi ne, irin su dala da fam da yuro. "Currently" na nufin "a halin yanzu". "Concurrent" na nufin abubuwan da ke faruwa a lokaci guda, "recurrent" kuma abin da ke maimaituwa, shi ya sa a kasafin kuɗi ake cewa "recurrent expenditure" ga kuɗin da ake kashewa a kai a kai kamar albashi.

Gargaɗi: idan ka rubuta "currant address", kwamfuta ba za ta ja maka jan layi ba, domin kalmar tana cikin ƙamus. Idonka ne kaɗai zai kama wannan kuskure.

Mataki na 2: Sifa ce ko suna?

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi mutane ke tsallakewa. Idan kalmar sifa ce, maganar lokaci ake yi. Idan suna ce, maganar wani abu mai kwarara ake yi. Da ka raba wannan, rabin aiki ya ƙare.

Fara da duba kalmar da ke biye da ita. Idan suna ne, to galibi "current" sifa ce: "the current manager", manaja mai ci, "current prices", farashin yanzu. A Turanci sifa ke shigewa gaba, don haka wajen fassara sai ka juya, sunan ya zo farko.

Idan kuwa jimlar ta tsaya a kanta, ko aikatau ya biyo, ko kalmar "of", to suna ce: "The current is strong", ruwan yana ja da ƙarfi, "a current of cold air", kwararar iska mai sanyi.

Sai ka duba ko tana ɗauke da "s" a ƙarshe. "Currents" kullum suna ce, domin sifar Turanci ba ta ɗaukar jam'i. Ana cewa "current problems", ba a taɓa cewa "currents problems".

Akwai kuma inda take zuwa bayan "is", "are", "stay" ko "keep" ba tare da "a" ko "the" ba. A nan sifa ce: "This list is current", wannan jerin na yanzu ne, bai tsufa ba.

Idan har yanzu kana shakka, ka yi musanya. Cire ta ka sa "present". Idan jimlar ta zauna, sifa ce. Idan ba ta zauna ba, gwada "flow". Idan wannan ce ta zauna, suna ce.

Gargaɗi: kada ka dogara da ganin "the" a gabanta. Tana zuwa a duka biyun, "the current year" da "the current of the river". Kuma ka lura na ce "galibi" a gwajin farko. Akwai tarko a nan, yana Mataki na 7.

Mataki na 3: Idan sifa ce, zaɓi launin da ya dace

Mutane da yawa suna tsayawa a "na yanzu", kuma sau da yawa hakan ya isa. Amma fassara mai daɗin ji tana bukatar ka duba irin sunan da ake sifantawa.

Idan muƙami ne, ka ce "mai ci". "The current president" shugaban ƙasa mai ci ne, kishiyarsa "former", wato tsoho. Idan lokaci ne, ka ce "da muke ciki": "the current month", watan da muke ciki. Idan hali ne, ka ce "da ake ciki": "the current situation", halin da ake ciki. "Current affairs" da "current events" su ne al'amuran yau da kullum, wato labaran siyasa da zamantakewa da ke faruwa a duniya, kuma da wannan sunan ake kiran shirye-shiryen rediyo da talabijin masu tattauna su. "The current issue" idan ana maganar mujalla, fitowar da ke kasuwa yanzu ake nufi. Amma "current issues" a muhawara batutuwan da ake tattaunawa ne. Ka ga ke nan har abokiyar zaman ma tana da fuska biyu.

Launi na biyu shi ne "mai aiki", wato wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Idan aka ce maka "a current passport" ko "a current driving licence", ba sabo fil ake nema ba. Wanda ka karɓa shekara uku da suka wuce ma ya yi, muddin ranar ƙarewarsa ba ta zo ba.

Launi na uku shi ne "da ake amfani da shi" ko "da ya yaɗu a bakin jama'a". "That word is no longer current" na nufin an daina amfani da kalmar. "Current fashion" kuma abin da ake yayi.

Na huɗu ya fi yawa a Turancin Amurka. "Stay current" na nufin ka riƙa bibiyar sabon abin da ke fitowa a fanninka. "He is current on his rent" kuma na nufin ba a binsa bashin kuɗin haya, ya biya har zuwa yau. Wannan na ƙarshen yana kayar da masu fassara ƙwarai, domin babu kalmar "biya" a jimlar ko kaɗan.

Mataki na 4: A fom da kan allon waya

A nan ne kuskure ke jawo asarar gaske, domin ana mayar da fom saboda gurbi ɗaya.

"Current address" inda kake kwana yanzu ne, ko da haya ce ta wata shida. "Permanent address" kuma adireshin dindindin, inda za a same ka ko a sami danginka ko da ka tashi. Idan duka ɗaya ne, ka rubuta shi a gurbi biyun, ko ka sa "same as above" idan fom ɗin ya yarda. "Current employer" wurin da kake aiki yau ne, "previous employer" wurin da ka bari. "Current salary" albashin da kake karɓa, "expected salary" wanda kake fatan a ba ka.

Gargaɗi: idan ba ka da aiki a yanzu, kada ka sa tsohon wurin aikinka a gurbin "current employer". Za a iya tuntuɓarsu, kuma idan suka ce ka daɗe da barinsu, ƙarya za a ɗauka ka yi, ba za a ce rashin jin Turanci ne ba.

A waya da kwamfuta kuwa, "current password" kalmar sirrin da kake shiga da ita yanzu ce. Ita ake fara sawa, sannan sabuwar a gurbin "new password". Wanda ya juya su zai yi ta samun saƙon kuskure, wani tsarin ma ya rufe asusun na ɗan lokaci. "Current location" inda kake tsaye a taswira ne. "Current version" zubin manhajar da ke kan na'urarka, wanda ba lallai ya zama "latest version" ba, wato na baya-bayan nan da aka fitar. Wajen buga takarda kuma, "current page" shafin da ke buɗe a gabanka kaɗai za a buga.

Mataki na 5: A banki da lissafin kuɗi

A wannan fagen kalmar ta zama ta ƙwararru, kuma "na yanzu" ba ya aiki.

"Current account" asusun hada-hadar yau da kullum ne, wanda ake shigar da kuɗi a fitar a kai a kai, ake kuma iya rubuta cak a kansa. Kishiyarsa "savings account", asusun tanadi. Wannan sunan na Ingila ne da ƙasashen da suka bi tsarinta. A Amurka "checking account" suke cewa. Saboda haka idan fom ko injin cire kuɗi ya tambaye ka "account type" ya ba ka zaɓi tsakanin "current" da "savings", irin asusun ake tambaya. Mutane da dama suna zaɓar "current" don suna ganin ai shi ne asusun da suke amfani da shi yanzu, sai injin cire kuɗi ya ƙi ba su.

"Current balance" jimillar da ke rubuce a asusun ce, "available balance" kuma abin da za ka iya kashewa a wannan lokaci. Suna iya bambanta idan akwai kuɗin da aka riƙe ko cinikin da bai kammala ba.

Gargaɗi: kafin ka tura kuɗi, "available balance" za ka duba.

A littafin lissafin kamfani, kalmar na nufin "cikin shekara guda". "Current assets" kadarorin da ake sa ran za su zama tsabar kuɗi cikin wata 12 ne, kamar kuɗin hannu, hajar da ke ajiye, da bashin da ake bin masu saye. Gini da injina ba sa ciki. "Current liabilities" basukan da dole a biya cikin wata 12. Idan ka raba na farko da na biyu, ka sami "current ratio". Kamfanin da ke da kadarorin gajeren zango na miliyan 6 da bashin gajeren zango na miliyan 3, nasa 2 ne. Idan sakamakon ya gaza 1, abin da ake binsa a kusa ya fi abin da zai iya haɗawa a kusa.

A labaran tattalin arziki kuma "current account" na ɗaukar wata ma'anar dabam: lissafin cinikin kaya da ayyuka tsakanin ƙasa da sauran duniya, haɗe da kuɗin shiga daga jarin waje da kuɗin da mazauna ƙetare ke aikowa gida. "Current account deficit" giɓi ne a wannan lissafi, wato abin da ya fita ya fi wanda ya shigo. Mai fassarar labarai da ya ce "asusun bankin ƙasar ya yi giɓi" ya ɓatar da masu sauraro. Haka "at current prices" na nufin an yi lissafi da farashin shekarar ba tare da cire tasirin hauhawar farashi ba, kishiyarsa "at constant prices".

Mataki na 6: Idan suna ce, ruwa ne, iska ce, ko lantarki?

Duba kalmomin da ke kewaye. Idan ka ga "river", "sea", "ocean", "boat" ko "swim", ruwa ne. Idan ka ga "air", "warm", "rise" ko maganar tsuntsu da jirgin sama, iska ce. Idan ka ga "wire", "circuit", "battery" ko lamba mai harafin A, lantarki ne.

A ruwa, ka raba kalmomi uku da muke yawan haɗa su a "igiyar ruwa". "Wave" ita ce wadda kake gani tana tasowa tana faɗuwa a saman ruwa. "Tide" cika da janyewar teku ne, wanda jan wata ke haddasa mafi yawansa. "Current" kuwa tafiyar ruwan ce zuwa wata fuska, kuma sau da yawa ido ba ya ganinta. Kogi na iya kwanciya lumui a sama alhali yana ja a ƙasa. Shi ya sa na fi son a fassara ta da "jan ruwa" ko "kwararar ruwa" idan ana gargaɗi. "He was swept away by the current", ruwa ya tafi da shi.

Idan ka gan ta da babban harafi, sunan wata sananniyar kwararar teku ce. "Benguela Current" mai sanyi ce, tana bin gaɓar Namibiya da Angola. "Humboldt Current" ita ma mai sanyi, tana bin gaɓar Chile da Peru. "Gulf Stream" ba ta ɗauke da kalmar a sunanta, amma ita ma "current" ce, mai ɗumi, tana tasowa daga mashigin tekun Meziko ta ratsa Atlantika ta nufi Turai. Ba a fassara irin waɗannan sunaye, sai dai a yi bayani.

Gargaɗi: allon da aka rubuta "rip current" ko "strong currents" a bakin teku maganar rai ce. "Rip current" siririn jan ruwa ne mai ƙarfi da ke fita daga gaɓa zuwa cikin teku. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, gajiya za ta ci shi. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga jan, sannan ya nufo tudu.

Daga ruwa aka aro ma'anar da ake yi wa ra'ayi. "A current of opinion" ra'ayi ne da ke yaɗuwa a cikin jama'a. "Swim against the current" a maganar mutane na nufin saɓa wa abin da kowa ke yi. "Undercurrent" kuma abin da ke cin mutane a ƙasa ba a furta shi ba, kamar "an undercurrent of anger", fushin da ake dannewa.

Mataki na 7: A lantarki, karanta lambar kafin ka fassara

A bakin jama'a "current" ta zama sunan wuta gaba ɗaya. Idan ƙwan fitila ya dushe, fanka na juyawa da ƙyar, sai ka ji an ce "low current". A wurin injiniya abin da ya yi ƙasa a nan "voltage" ne. Idan kuma an ɗauke wuta, Bature zai ce "the power is out" ko "there is a power cut". A hira kowa zai fahimce ka, amma a jarrabawa ko wajen sayen kaya dole ka bambance.

Ka ɗauki ruwa a cikin bututu. Ƙarfin da ke tura ruwan shi ne "voltage", ana auna shi da bolt, harafinsa V. Yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa shi ne "current", ana auna shi da amfiya, harafinsa A, sunan da aka ɗauko daga masanin Faransa André-Marie Ampère. Aikin da suke yi idan sun haɗu shi ne "power", ana auna shi da wat, harafinsa W. Lissafin shi ne bolt sau amfiya ya ba da wat.

Ga yadda ake amfani da shi. Caja da aka rubuta 5V 2A tana ba da wat 10. Butar dafa ruwa mai wat 2,300 a kan layin bolt 230 tana jan amfiya 10, domin ka raba 2,300 da 230. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana ɗauke da fis, kuma mafi girmansa na amfiya 13 ne, wato kusan wat 3,000 a layin bolt 230. Idan ka haɗa buta da dutsen guga da hita a kan soket ɗin jona guda, ka tara amfiyarsu ka gani, za ka tarar ka wuce abin da zai ɗauka.

Gargaɗi ga ɗalibai: a lissafin kimiyya alamar "current" harafin I ce. Kada ka rubuta C don ka ga da shi kalmar ta fara. Dokar Ohm ana rubuta ta V = I × R, inda R ke nufin turjiyar da wuta ke gamuwa da ita a hanyarta.

Sai gajerun haruffa biyu da za ka gani ko'ina. AC ita ce "alternating current", mai juya fuska gaba da baya, irin wadda ke zuwa a soket ɗin gida da janareta. Tana juyawa zagaye 50 a daƙiƙa a Turai da mafi yawan Afirka, 60 a Amurka, shi ne abin da 50/60Hz da kake gani a jikin caja ke nufi. DC ita ce "direct current", mai bin fuska ɗaya, irin ta batir da farantin sola. Caja tana mayar da AC zuwa DC, inbata kuma tana mayar da DC zuwa AC. Kada ka rikita wannan AC da ta na'urar sanyaya ɗaki, haruffan ne kawai suka zo ɗaya.

Idan za ka sauya wa na'ura adafta, ka karanta layin "output". Bolt dole ya zo daidai da abin da na'urar ke nema, bakin da tsarin ƙafafunsa ma su dace. Amfiya kuwa za ta iya zama daidai ko ta fi, domin na'ura abin da take bukata kawai take ja. Idan ta gaza, adaftar za ta yi zafi ko na'urar ta riƙa mutuwa. Ka kuma bambanta mA da mAh. Na farko kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ne, na biyu kuma yawan cajin da batir ke iya ɗauka.

Gargaɗi: kada ka sa mitar gwajin wuta ta hannu a ma'aunin amfiya ka cusa bakunanta biyu a soket. Gajeriyar hanya ka yi wa wuta, fis ɗin mitar zai ƙone, kai ma kana cikin haɗari. Ana auna amfiya ne ta hanyar sa mitar a jere cikin layin, ko da mita mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙala wa waya ɗaya. Idan ba sana'arka ba ce, kira mai gyaran wuta. Wuta 'yar kaɗan ma tana kisa. Na'urar kariya da ake kira "residual current device" ana saita ta ta yanke wuta a miliamfiya 30 (30mA) kacal saboda kare ran mutum.

Yanzu ga tarkon da na ambata. A Turancin injiniyoyi ana jera suna biyu, sai "current" ta zo gaban wani suna amma ba sifa ba ce. "Current rating" a jikin waya ko fis iyakar amfiyar da zai ɗauka ce. "Current flow" kwararar lantarki. "Current transformer" na'urar da ke taimakawa wajen auna amfiya mai yawa, ba taransifomar da ake amfani da ita yanzu ba. Hanyar ganewa ita ce lambar da ke gefe. Idan ta ƙare da A ko mA, lantarki ne.

Mataki na 8: Idan kai ne mai rubutawa

Ganewa daban, amfani daban. Ga inda aka fi zamewa.

"Current" abin da ke nan har yanzu ne, "recent" abin da ya faru ba da daɗewa ba ya wuce. Haɗarin da aka yi jiya "recent accident" ne. Hoton da ake nema a fom "recent photograph" ne. Rikicin da ba a gama ba kuwa "current crisis".

"Currently" tana tafiya da aikin da ake kan yi: "I am currently working on the report." Kada ka ce "currently now", maimaici ne. Kada kuma ka haɗa ta da abin da ya wuce, a can "at the time" ko "then" ake sawa. Shugaban da ke ci a 1990 "the then president" ne. A ganina ma, sau da yawa jimla ta fi ƙarfi idan aka cire "currently" ɗungurungum, domin "I am working" ta riga ta nuna yanzu ne.

Wanda ya fara da Faransanci ya yi hattara da "actual" da "actually". A Faransanci "actuel" na nufin na yanzu, amma a Turanci "actual" na nufin na haƙiƙa. "The actual price" ainihin farashi ne, "the current price" farashin yau.

Kalmar ba aikatau ba ce, ba a cewa "the water currents fast". Ana cewa "the water flows fast".

Gargaɗi: a takardar da za ta daɗe, kamar yarjejeniya ko rahoto, kalmar tana tsufa. "The current rate" da aka rubuta a 2020 ba ita ce ta yau ba. Ka sa kwanan wata a gefenta, idan kuma kana fassara tsohon rubutu, ka ce "na wancan lokacin" inda ya kamata.

Mataki na 9: Gwada kanka

Rufe amsoshin, ka bi matakan a kan waɗannan:

1. The current is too strong for small boats.
2. Please confirm your current address.
3. The fuse blows when the current exceeds 13A.
4. Is your membership current?
5. Current consumption is too high.

Ta farko suna ce, domin "is" ta biyo ta, kuma "boats" ta nuna ruwa: jan ruwan ya fi ƙarfin ƙananan jirage. Ta biyu sifa ce: ka tabbatar da adireshin da kake zaune yanzu. Ta uku suna ce, 13A ta nuna lantarki: fis yana ƙonewa idan wutar da ke wucewa ta haura amfiya 13. Ta huɗu sifa ce mai ma'anar "mai aiki": shin rajistarka ba ta ƙare ba?

Ta biyar da gangan na sa ta, domin tana ɗaukar ma'ana biyu. A rahoton tattalin arziki tana nufin yawan abin da ake amfani da shi a yanzu ya yi yawa. A takardar bayanin na'ura tana nufin na'urar tana jan wuta da yawa. Jimlar ita kaɗai ba za ta raba maka gardama ba. Ka karanta wadda ke gabanta da wadda ke bayanta, ka nemi lamba mai A, idan kuma takardar aiki ce da za a sa wa hannu, ka tambayi wanda ya rubuta ta kafin ka fassara.